Daga Unguwa Uku zuwa Samaru: yadda muka kalli zagayen ƙarshe na Abu Dabi a Zariya

Ɗaurin auren ɗan kawuna ne ya kai ni Zariya ranar Asabar, 11 ga Disamba, 2021, amma da biki kaɗai ne, a ranar zan juyo Kano. Abin da ya sa na haɗa kayan kwana shi ne ƙanin ango, wanda ke karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello, ya daɗe yana ba ni labarin wasu mutane a Samaru da ke haɗuwa a gidan kallo don tseren motoci na Formula 1. Ni a unguwarmu ni kaɗai nake wannan harka, a waya, ina kallo ina lissafin data. Ga shi Lahadin nan za a yi tseren ƙarshe na shekara a Abu Dabi, Lewis Hamilton na Mercedes da Max Verstappen na Red Bull kowa yana da maki 369.5 cif. Rabon da a shiga tseren ƙarshe na kan gaba biyu suna kunnen doki tun 1974.

Na isa tashar Unguwa Uku gari bai gama wayewa ba, hazo ya rufe ko'ina. Na tarar da Sharon saura mutum uku, na biya Naira 1,500, ɗan kamasho yana ta rantsuwa yanzu za a tashi. Sai da muka yi kusan awa guda. Aka cusa mu huɗu-huɗu a baya, biyu a gaba, direba ya yi bisimilla muka kama hanya.

Tsakanin Kano da Zariya bai kai kilomita 150 ba, amma aikin sabunta titin da aka faro tun 2018 ya sa tafiyar ta zama sai a hankali. A wurare da dama an rufe hannu ɗaya, mai zuwa da mai dawowa duk an haɗa su a ɗaya hannun, kai da tirela kuna kallon juna ido cikin ido. Mun wuce Kura da fadamun shinkafarta, muka wuce wajajen Kadawa inda kwandunan tumatir ke jere a bakin titi. Shingayen masu kaki ba su ƙirguwa. Wasu hannu kawai suke ɗagawa, wasu sai direba ya zura hannu ta taga an gaisa sannan a janye katako. Wuri ɗaya ne aka sauke mu, aka kwance buhun wata baiwar Allah, aka tarar da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ita kuma ta tsaya a kansu sai da suka ɗaure mata shi yadda suka same shi.

Mun ɗan gota Kwanar Dangora tayar baya ta yi faci. Direba ya ciro safaya, ita ma ba iska. Haka ya gungura tayar zuwa wajen wani mai faci da muka baro a baya, mu kuma muka tsaya a gefen titi hannu cikin hammata. Da ya dawo yana ta fama da jak da sifana, sai na ce masa a tseren da zan je kallo ana canja tayoyi huɗu cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai, kuma Red Bull sun taɓa yi a daƙiƙa 1.82 a Barazil a 2019. Ya ɗago ya kalle ni.

"Haba Malam, aljanu ne?"

Na ce mutum wajen ashirin ne ke rufar wa motar, kowace taya mutum uku, noti ɗaya ne tak a tsakiya, kuma da bindigar iska ake kwance shi.

"To ka gani," in ji shi. "Ni noti biyar, ni kaɗai, ga fasinja ba mai kama mini."

Wani dattijo da ke cikinmu ya yi dariya har da tari, ni kuma na tsuguna na riƙe masa tayar.

A Tashar Yari na sayi rake na Naira 200, don yankin Maƙarfi ba a wuce shi ba a sha rake ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka sauka a Kwangila. A ƙarshen Satumba gwamnatin jihar Kaduna ta sanya dokar hana hawa babur saboda matsalar tsaro, don haka kowa keke yake jira, masu keke kuma sun san da haka. Daga Kwangila zuwa cikin birni sai da na canja keke biyu, na kashe Naira 300. Bakano da ya saba ganin Adaidaita Sahu goma suna rububinsa, a nan shi ne mai rububi.

An ɗaura aure a wani masallaci da ke ciki da Ƙofar Doka bayan azahar, aka ci shinkafa da waina, aka yi hotuna. Lokacin ne kuma ake tseren neman gurbi, wanda ke tantance inda kowa zai tsaya a layin tashi, a Abu Dabi, sai a waya na ga Verstappen ya samu gurbin farko, Hamilton na biyu, Lando Norris na uku. Na kwana a shagon samari a gidan kawu a Tudun Wada, mu da yawa a kan katifu biyu. Sanyin Zariya ya fi na Kano cizo, wannan ko Bakano mai gardama zai yarda. Da safe matar kawu ta aiko mana da faten tsaki mai zafi da yakuwa, na ce mata, "Inna, wannan ya biya kuɗin mota."

Da hantsi ni da ƙanin ango muka kama hanyar Samaru, ta PZ, muka sake bi ta Kwangila, muka wuce kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan. Gidan kallon yana cikin wani lungu ba nisa da babbar ƙofar jami'a: rumfar kwano, bencina, talabijin uku, janareto a baya. Kuɗin shiga a lokacin Naira 100 ne, amma masu kallon tsere suna ƙara wa mai gidan wani abu na mai, don shi ba ya ganin riba a kunna inji saboda mutum goma sha. Ya kuma gindaya sharaɗi tun da wuri: tsere ƙarfe biyu zai fara, Leicester da Newcastle ƙarfe uku, ga Ndidi da Iheanacho a Leicester, don haka da uku ta buga zai mayar da sauti wajen 'yan ƙwallo. Muka ce mun ji.

Mutum uku ne suka riƙe wurin. Akwai wani bakanike daga Sabon Gari, hannunsa duk baƙin mai, wanda kowa ke kira Oga. Shi ba ruwansa da Verstappen a matsayin mutum, injin Honda da ke cikin motar Red Bull yake goyon baya, don a cewarsa Honda ce ta ciyar da shi ta aurar da shi. Akwai ɗalibin shari'a da ya taso tun daga harabar jami'ar da ke Kongo, a can cikin Zariya, ana ce masa Barista, ɗan Hamilton na gani kashe ni, da dokokin gasar a cikin wayarsa. Sai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jami'a, wanda ya fara bin tseren tun zamanin tsofaffin zakaru Senna da Prost, ana ce masa Baba. Shi aka bar wa kujerar roba guda ɗaya da ke wurin.

Tun kafin mu tafi sallar azahar gardama ta kaure. Barista ya ce Hamilton ya ci tsere uku a jere, Barazil da Katar da Jidda, kuma a Barazil daga na goma ya taso ya cinye, bayan an mayar da shi can ƙarshe a gajeren tseren Asabar. Ya ce rabin makin nan da ke maƙale a lissafi daga Beljiyam ya fito, inda ruwan sama ya hana tsere, aka ɗan zagaya a bayan motar kariya, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu in akwai haɗari, aka ba Verstappen 12.5 a ɓagas. Oga ya ce, "Barista, ka gama? To a Baku wa ke gaba tayarsa ta fashe? A Silverstone wa aka tura bango har sai da aka kai shi asibiti, Hamilton da ya tura shi kuma ya sha hukuncin daƙiƙa goma ya je ya ɗaga kofi? A Hangari wa Bottas, abokin tuƙin Hamilton, ya jawo wa aka farfasa masa mota? Ba don wannan ba, da tuni yaron nan ya gama da ku." Barista ya ce to a Monza fa, wa ya ɗora motarsa a kan ta Hamilton, da ba don ƙarfen da ke kare kan direba ba da sai dai wani labarin? Baba bai ce uffan ba sai da aka tambaye shi. Ya ce abin da yake tsoro shi ne su yi karo su fita duka biyun, don in haka ta faru Verstappen ne zakara, yana da nasara tara, Hamilton takwas.

Ana kashe fitilu Hamilton ya fizgi mota ya riga shi shiga kwanar farko. Rumfar ta ɗauki ihu. Ba a gama zagayen farko ba Verstappen ya kutso ta ciki a wata kwana, Hamilton ya fita daga titi ya yanke ta gefe ya dawo yana gaba. Oga ya miƙe tsaye: "Ya ba da wuri! Dole ya ba da wuri!" Alƙalai suka ce ba sai an bincika ba. Na waiga wajen Barista, wayar da ke ɗauke da dokoki tana cikin aljihu. Abin da ya ce kawai shi ne ai tura shi aka yi.

Daga nan Hamilton ya yi ta ba da rata. Verstappen ya fara da taya mai laushi, wadda ke riƙe titi amma ba ta daɗewa, Hamilton da matsakaiciya, duk da haka motar Mercedes ta fi gudu a ranar, ko Oga bai musa ba. Suka shiga canjin taya ɗaya bayan ɗaya, a zagaye na 13 da na 14, kowa ya sa mai tauri. Abin da ya tada rumfar shi ne Sergio Perez ɗan Meziko, abokin tuƙin Verstappen, da aka bari a waje da tsohuwar taya don ya tare hanya. Hamilton ya wuce shi, Perez ya sake ƙwacewa, ya yi ta toshe masa kwana, har ratar da ta kai wajen daƙiƙa takwas ta dawo kusan ɗaya. Oga ya ce wannan shi ne yaron gida na gari. Barista ya ce wannan ɗan tare hanya ne. Baba ya ce a duk abin da ya gani yau babu tuƙi mai tsafta kamar wannan, don ko fenti ba su goga wa juna ba.

Ƙarfe uku mai gidan ya cika alkawarinsa, ya ɗauke mana sauti. 'Yan ƙwallo suka cika bencina, mu muka koma kallon kurame, muna bin jerin sunaye da ratar daƙiƙu a gefen allo. Hamilton na gaba da fiye da daƙiƙa goma, zagaye na ta ƙarewa. Oga ya fara zancen yana da motar wani Alhaji da zai haɗa kafin magariba.

A zagaye na 53 cikin 58 Nicholas Latifi na Williams ya daki bango. Motar kariya ta fito, kowa ya rage gudu, ratar nan ta narke. Red Bull suka kira Verstappen ya sa taya mai laushi. Mercedes ba su kira Hamilton ba, don in ya shiga zai fito a bayan Verstappen, kuma in tseren ya ƙare a bayan motar kariya, ya ba da kambu da hannunsa ke nan. Ya zauna da tayar da ke ƙafarsa tun zagaye na 14. Tsakaninsu akwai motoci biyar da aka riga aka yi wa zagaye, wato na gaba sun riga sun ba su ratar zagaye guda. Sanarwa ta fito a allo cewa ba za a bar su su wuce ba. Barista ya ɗaga hannu sama yana hamdala. Can a zagaye na 57 sai ga wata sanarwar: motoci biyar ɗin nan, na Norris da Alonso da Ocon da Leclerc da Vettel, su wuce. Su kaɗai, ban da sauran da ke baya. Kuma motar kariya za ta shige a ƙarshen wannan zagayen.

Ihun da muka yi ne ya sa 'yan ƙwallo suka juyo. Wani yaro da rigar Chelsea ya tambaye ni me ke faruwa, na ce zagaye ɗaya ya rage, wanda ya riga shi ne zakaran duniya. Ya daka wa mai gidan tsawa ya dawo da sauti, kuma ya dawo da shi. Mutum sama da hamsin, yawancinsu ba su san sunan kowa a allon ba, suka miƙe tsaye. A kwana ta biyar Verstappen ya shige ta ciki. Hamilton ya bi shi a miƙaƙƙen titi har suka jera, tayar ta ƙi ba shi. Oga ya haye benci, bencin ya karye da shi.

Gardamar da ta biyo baya har wajen alwalar la'asar. Yanzu wayar Barista ta fito. Ya karanto sashe na 48.12: motocin da aka yi wa zagaye su wuce, sannan motar kariya ta shige a ƙarshen zagaye na gaba. Na gaba, ba wannan ba. Da an bi haka, a bayan motar kariya za a ƙare, Hamilton ya ɗauki kambu na takwas ya wuce Michael Schumacher mai bakwai. Ya ce Mercedes sun yi lissafinsu bisa abin da ke rubuce, daraktan tsere Michael Masi ya canja shi bayan sun riga sun yanke shawara. Oga, yana ɗingishi, ya ce, "Barista, a zagayen farko ina littafin naka yake? Ko lokacin caji ya ƙare?" Ya ce Marsandi sau biyu suna samun damar canja taya suna ƙi, tsoro ne ya kashe su, wanda ba shi da abin asara shi ya yi kasada ya ci. Wani ɗalibi ya ce shi dai ya san ba za a taɓa bari baƙar fata ya zarce Schumacher ba, mutane da yawa suka ce ƙwarai.

Wannan ta ƙarshen ban karɓe ta ba, ko da yake na san inda ta fito: Hamilton ne kaɗai baƙar fata a cikin direbobin, kuma rabin masu goyon bayansa a rumfar nan saboda haka suke yi. Amma mutumin nan ya ci kambu bakwai a ƙarƙashin hukumar nan da ke kula da gasar, kuma a zagayen farko na wannan tseren shi hukunci ya yi wa daɗi. Abin da na gani ya fi kama da mutum guda, wato Masi, da ake ta yi wa magana a kunne daga ɓangarori biyu, agogo na tafiya, yana son kada gasar shekara ta ƙare motoci na bin juna a layi, sai ya ɗauki rabin doka ya bar rabi. Da ya tsayar da tseren da jar tuta, kowa ya sa sabuwar taya, da an samu zagayen ƙarshen da ake so ba tare da an ba ɗaya wuƙa an bar ɗaya da hannu ba. Baba ne ya fara kawo wannan, ni na bi bayansa. Ya ƙara da cewa Verstappen bai saci komai ba, ƙofa aka buɗe masa ya shiga, kuma wanda ya ci tsere goma cikin 22 ba za a ce bai cancanci shekarar ba. Amma tseren yau na Hamilton ne, an karɓe masa. Oga da Barista duk ba wanda ya ji daɗin wannan magana, kowa rabin da ya shafe shi ya riƙe.

Lissafin ƙarshe ya tsaya Verstappen 395.5, Hamilton 387.5. Yaro ɗan shekara 24 ya zama ɗan Holan na farko da ya ci gasar, Mercedes kuma suka tafi da kambun kamfanoni karo na takwas a jere, abin da ba wanda ya kula da shi a rumfar. Oga ya fi kowa murna da cewa rabon da direba mai injin Honda ya ci tun Senna a 1991. Ya kama ƙanin ango yana tambayarsa, tunda shi ne injiniya, ta yaya injin lita 1.6, girman na ƙaramar motar gida, ke fitar da ƙarfin doki wajen dubu. Yaron ya shiga bayanin turbo da batir da yadda ake tara wuta daga birki da zafin salansa, Oga na gyaɗa kai yana cewa a kawo masa ɗaya gareji ya buɗe ya gani.

Da daddare muna teburin mai shayi, na ci Indomie da ƙwai da shayi mai kauri a Naira 600, labari ya zo cewa alƙalai sun yi watsi da ƙorafi biyun da Mercedes suka shigar. Hujjarsu a kan babban ƙorafin ita ce wani sashe, na 15.3, ya ba daraktan tsere iko a kan motar kariya. Barista, wanda dare ya yi masa ba keken komawa Kongo, ya ce in haka ne a yaga sauran littafin a huta. Ya rantse za a ɗaukaka ƙara kuma za a ci. Muka koma rumfar muka ga Real Madrid ta ci Atletico biyu da nema, sannan muka kwana mu uku a ɗakin ƙanin ango a Hayin Dogo, Barista na ta juyi yana karanta sashe-sashe har barci ya ɗauke ni.

Litinin da safe na hau Golf a Kwangila, Naira 1,300, ba faci ba saukewa, kafin azahar ina gida. Ranar Laraba aka ga Hamilton a fadar Windsor ana ba shi sarautar Sir, ranar Alhamis kuma Mercedes suka sanar sun janye maganar ɗaukaka ƙara. Ƙanin ango ya kira ni ya ce, "Yaya, Barista ya ce ya daina kallo har abada, amma ya tambayi ranar da za a dawo." Ranar 20 ga Maris, 2022 ce, a Bahrain, da sababbin motoci. Mai gidan kallon ya ce kafin nan sai Oga ya biya kuɗin benci.